Harshe a Fagen Duba-Gari: Nazarin Horon Sanin Makamar Aiki a Sashen Tsaftar Muhalli na Ƙananan Hukumomi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a sashen tsaftar muhalli na ƙananan hukumomi, musamman a Kano. Ta nuna cewa nasarar ɗalibi ta dogara ga ƙwarewarsa a Hausa da sanin al'adar mutanen da yake hulɗa da su.

1.0 Gabatarwa

Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su gwada a aikace abin da suka koya a aji. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kwashe shara da kula da bayan-gida na jama'a da kasuwanni da mahauta da maƙabartu. Saboda haka, ɗalibin da aka tura ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano yana shiga aikin da tun zamanin Turawa Bahaushe ke kira duba-gari.

2.0 Yanayin Aikin

Ɗalibi kan raka jami'i zagayen unguwanni, inda ake duba masai da kwata da rijiya da juji. A kasuwa ana duba abincin sayarwa, a mahauta kuma yadda ake zubar da jini da tumbi. Ana lura da tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, domin ƙazantar da ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa na iya kai ƙwayoyin cutar amai da gudawa cikin ruwan sha. Haka nan kududdufan da ke cikin birni matattarar sauro ne, musamman da damina.

3.0 Matsalar Harshe da Al'ada

Da Ingilishi ake koyar da ɗalibi, da shi kuma yake cike littafin rahotonsa, amma da Hausa yake magana da magidanta. Kalmar "kwata" kanta tana nufin magudanar ruwa, tana kuma nufin wurin yanka dabbobi, muhallin magana kan bambance su. Batun bahaya kuwa na buƙatar sakaya zance, shi ya sa ake cewa "kewaye" ko "bayan-gida". Wanda ya faɗi abin gatsal a gaban dattijo ya rasa mai saurare.

Tsarin gida ma yana da tasiri. Namiji baƙo iyakarsa zaure sai da izinin maigida, alhali masai da rijiya suna cikin gida. Wannan ya sa ɗalibai mata ke da muhimmanci a irin wannan zagaye, kuma rakiyar mai unguwa ke buɗe ƙofar da takardar ofis ba ta buɗewa. Inda aka san duba-gari da tara kawai, mutane kan ɓoye matsala maimakon su gyara ta.

4.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar sassan nazarin Hausa su haɗa hannu da makarantun koyon tsaftar muhalli wajen tsara ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin wannan fage, tare da ba ɗalibai gajeren darasi kan ladubban magana kafin a tura su. Haka kuma, kalmomin da ɗaliban ke tsinta a bakin jama'a sun cancanci masu nazarin harshe su tattara su.