Ciwon Kan da Ba Ya Jin Fanadol

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muka fito daga Gagarawa Tasha, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, inda haɗarin babur da na motar kasuwa ba baƙon abu ba ne, ina so mu san wata larura da likitoci ke kira otonomik disrifleksiya. Tana kama wanda lakarsa ta samu rauni daga gaɓa ta 6 ta ƙashin bayan ƙirji zuwa sama, sau da yawa bayan an sallamo shi daga asibiti irin na ƙashi na Dala, ya dawo hannun 'yan uwa.

Ga yadda take. Wani abu yana damun jiki a ƙasan raunin, galibi mafitsara ce ta cika saboda robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe. Majinyacin ba ya ji, amma jijiyoyin jini na ƙasa sun ji, sai su tsuke. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙon a saki, saƙon ya maƙale a wurin raunin. Nan take jini ya hau. Taurin bayan gida, gyambon kwanciya, matsattsen wando, har farcen da ya shige nama, duk suna tayar da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lissafin. Irin waɗannan majinyata awonsu na sama yakan tsaya tsakanin 90 da 110, don haka ƙarin 20 zuwa 40 kawai ya isa haɗari. Wato 140 da kai za ka ce ba komai, shi wuta ce. In aka yi sake, jijiya na iya fashewa a ƙwaƙwalwa ko a ido, a samu farfaɗiya, ruwa ya taru a huhu, ko zuciya ta tsaya.

Alamomin: kai kamar zai tsage, gumi sharkaf a fuska da wuya, toshewar hanci, tsikar jiki na tashi, bugun zuciya na raguwa. A gidajenmu kuwa me ake yi? A ce zazzaɓi ne, a ba shi fanadol, a kwantar da shi. Kwanciyar nan ƙara hawan take yi.

Zaunar da shi tsaye-tsaye, ƙafafu a ƙasa. Sassauta tufafi da ɗauri. Bi robar fitsari tun daga jiki har jaka, ka warware lanƙwasa, ka zubar in ta cika. In akwai na'urar awo, a riƙa aunawa duk minti 2 zuwa 5. Ciwon bai lafa ba, ko awo ya kai 150? A nemi mota zuwa Babban Asibitin Gumel, yana zaune, kuma ka faɗa wa ma'aikacin cewa raunin laka ne da kuma awonsa na kullum.