Amsoshin Tambayoyinku: Shin injin ban-ruwa na sola zai mayar min da kuɗina?

Tambaya: Ni manomin rani ne a yankin Kura, ina noman tumatir da albasa da attaruhu. Tun da aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ke cinye ribata. Ana ta ba ni shawarar in sayi injin sola, amma kuɗinsa ya tsorata ni. Zai biya kansa kuwa?

Amsa: Malam, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Kukanka na manoman rani da yawa ne. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Farashin kwandon tumatir kuwa har gobe faɗuwa yake yi a kasuwar Kwanar Gafan idan kaya suka yi yawa a watan Fabrairu da Maris.

Injin fetur yana da araha a ranar saye, sai ya riƙa karɓar kuɗinka kullum. Na sola yana karɓe nasa gaba ɗaya tun ranar farko, daga nan sai ya bar aljihunka ya huta. Don haka amsar tana cikin lissafin lambunka, kuma kai kaɗai za ka iya yin sa. Mu ɗauka kana ƙona lita 5 a kowane ban-ruwa, sau biyu a mako, har mako 16. Lita 160 ke nan. Idan lita tana naira 900, ka kashe naira 144,000, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. A ce an yi maka farashin sola da famfo da haɗawa a kan miliyan ɗaya. Idan sau ɗaya kake noma a shekara, sai ka yi shekara shida ko bakwai kafin kuɗin ya dawo. Idan kana cire albasa ka zuba latas ko alayyafo, ka kuma taimaka wa masarar damina da ruwa idan aka samu fari, lokacin zai iya raguwa da rabi. Nan ne nake ganin mutane da yawa suna yin asara: su sayi kaya mai tsada, ya yi aikin wata huɗu, sauran wata takwas yana jingine a ɗaki.

Sai batun yawan ruwa, wanda masu sayarwa ba su cika son a tsaya a kansa ba. A tsakiyar bazara kayan lambu na shan kimanin lita 50,000 zuwa 70,000 a kowace hekta a rana, kuma idan kwararo ruwa kake yi cikin fangali, wani kaso zai nutse a hanya. Injin fetur yana zuba ruwa da ƙarfi, ka gama cikin 'yan sa'o'i, ko da asuba ko da dare. Ƙaramin famfon sola a hankali yake bayarwa, kuma ƙarfinsa daga hantsi ne zuwa la'asar. Ka tambayi mai sayarwa lita nawa famfon ke fitarwa a yini daga zurfin rijiyarka, ya rubuta maka a takarda. Rijiyar fadama mai ruwa kusa ba ɗaya take da burtsatse mai zurfi ba. Ruwa idan ya wuce zurfin mita bakwai ko takwas, famfon da ke zuƙa daga sama ba ya iya jawo shi, sai wanda ake zurawa ciki.

Kada ka yarda a ɗora maka batir. Yana ƙara tsada, kuma shi ke fara mutuwa. Gara ka gina kwatami ko ka sa tanki ka tara ruwa da rana. Farantan sola masu kyau suna haura shekara 20, amma famfo da na'urar da ke daidaita masa wuta ba sa kai haka, don haka ka riƙa ware wani abu daga kuɗin fetur ɗin da ka huta da saye. Hazon hunturu yana rage ƙarfin farantan, ƙura ma haka, sai ana goge su akai-akai. Ɓarayi kuma sun san darajarsu. Shi ya sa wasu manoma suka fi son waɗanda ake ɗorawa a amalanke a koma da su gida da yamma.

Shawarata, kada ka sayar da injin fetur ɗinka tukuna, zai yi maka rana a makon da hazo ya rufe gari daidai lokacin da tumatir ke fure. Idan lambunka bai kai rabin hekta ba, ka nemi maƙwabta biyu ko uku da iyakarku ke haɗe ku haɗa kuɗi, ku tsara ranakun ban-ruwan kowa a rubuce, ku kuma yanke tun farko nawa kowa zai bayar idan famfo ya lalace.