Ɗan Ƙwadago Gwani Ya Fi Mai Araha

Manomi, ka sayi iri mai kyau, ka sayi takin zamani, ka zuba mai a injin ban-ruwa. To, wa za ka ba aikin? A fadamun Kalgo da lambunan Gwandu, sau da yawa ba iri ne ke kayar da manomi ba, hannun da ya yi aikin ne. Araha ba ta ado.

DASHEN SHINKAFA

Irin FARO 44 yana son a dasa shi yana da kwana 14 zuwa 21, tsiro 2 ko 3 a gindi ɗaya, tazarar inci 8 ta kowane gefe. Da haka eka ɗaya za ta ɗauki gindi wajen 98,000. Idan wanda bai saba ba ya buɗe tazara zuwa ƙafa ɗaya don ya gama da wuri, gindi wajen 43,500 kawai za ka samu. Ka ga fiye da rabi ya tafi, ciyawa kuma ta sami fili.

ALBASA

Gwani ya san idan wuyan albasa ya fara kwantawa, sai a tsayar da ban-ruwa kamar mako 2 kafin cira, a kuma shanya ta a inuwa. Baƙon aiki yakan ci gaba da ba da ruwa har ranar cira. Irin wannan albasa ba ta ajiyuwa. Sai ta ruɓe kafin kuɗinta ya tashi a kasuwar Aliero.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kafin ku yi jinga, tambaye shi damina nawa ko rani nawa ya yi a wannan aiki.
2. Ba shi fangali ɗaya ya gwada, ka duba da idonka.
3. Haɗa kowane sabon yaro da tsohon hannu. Da tsohuwar zuma ake magani.
4. Ɗaura igiya mai ƙulli a kowane inci 8, a riƙa bi.
5. Biya gwani hakkinsa da wuri, don ya dawo maka baɗi.

Amma sabo kaɗai bai isa ba. Tsohon hannu ma yana bukatar sanin awon maganin feshi da lokacin zuba yuriya. Idan malamin gona na KARDA ya kira taro a gonar gwaji, kada ka je kai kaɗai. Tafi da masu yi maka aiki.