A Duba Kafin A Fesa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan yadda ake gane abin da ke damun shuka. Mutum in ba shi da lafiya yakan buɗe baki ya gaya wa likita inda ke yi masa ciwo. Akuya ma takan yi kuka, ta ƙi kiwo. Shuka kuwa ba ta da baki, iyakarta ta yi ɗorawa, ko ta yi yaushi, ko ta tsumbure. Abin wuyar shi ne, waɗannan alamu 'yan kaɗan ne, abubuwan da ke kawo su kuwa suna da yawa ƙwarai.

Bara da rani mu 'yan ƙungiyar samarin manoma muka dasa tumatir a lambun makaranta. Ya fara fure ke nan sai muka ga da rana yana langaɓewa, da safe ya ɗan miƙe. Muka ƙara ruwa, bai yi ba. Muka haɗa kuɗinmu na tara muka sayo maganin ƙwari a kasuwa, muka fesa har sau biyu, nan ma shiru. Da malaminmu na noma ya zo, ko ganyen bai tsaya dubawa ba. Ya sa hauya ya tono gindi ɗaya, ya wanke saiwar, sai ga ta duk ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Ya ce wasu tsutsotsi ne mitsi-mitsi na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, suka shiga saiwar suka hana ta jan ruwa. Ashe ciwon yana ƙasa, mu muna ta wanke ganye da magani. Ranar na ji kunya, ga kuma kuɗi sun tafi.

To, daga nan na koyi cewa abin da za a fara yi shi ne a tsaya daga nesa a dubi gonar gaba ɗaya. Ɓarnar da abu mai rai ya yi, watau ƙwaro ko ƙwayar cuta, takan fara daga wuri guda ko tsilli-tsilli, sannan ta riƙa yaɗuwa kullum. Galibi kuma takan zaɓi iri ɗaya, ta kama gyaɗa ta bar gero da ke kusa da ita. Amma in ka ga ɓarna ta bayyana rana ɗaya, ta bi kunya sak, ko ta tsaya a gefe ɗaya na gona, ta taɓa shuka da ciyawa baki ɗaya, to da wuya a ce cuta ce. Sai a tambaya: wa ya zuba taki jiya? Maƙwabci ya fesa maganin ciyawa ana iska? An wanke tankin feshi kafin a sake amfani da shi? Takin yuriya in ya taɓa gindin shuka ƙarama yakan ƙone ta, maganin ciyawa kuma yakan murɗe ganyen tumatir da na wake har mutum ya rantse annoba ce.

Bayan haka sai a matso a dubi shukar kanta, a lura da ganyen da ya fara lalacewa, tsoho ne ko sabo. A ɗauki masara. Idan ganyen ƙasa ne suka yi ɗorawa, ɗorawar ta faro daga tsinin ganye ta biyo tsakiyarsa, kuma yawancin gonar haka take, yunwa ce, masarar tana neman taki. Dalili kuwa, shuka in abinci ya gaza mata takan kwashe na tsohon ganye ta ba sabo, kamar yadda uwa ke hana cikinta ta ba ɗanta. Amma idan sababbin ganye ne suka yi zane-zanen ɗorawa sirara a tsaye, ga wannan gindi ya kamu, ga na kusa da shi lafiya lau, wannan cuta ce da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke ɗaukowa daga ciyawa, kuma ko buhu nawa na taki aka zuba ba za ta warke ba. Idan kuma ganyen ya huhhuje, ga wani abu kamar ɗusa a cikin ƙoƙon masarar, a buɗe a duba, za a tarar da tsutsa. Wannan baƙuwa ce, asalinta nahiyar Amurka, a shekarar 2016 aka fara ganinta a Nijeriya.

Yaushi ma iri-iri ne. Ban da tsutsar saiwa da ta ci mana tumatir, akwai wata cuta da ke toshe hanyar ruwa a cikin kara, shuka ta faɗi da ganyenta kore shar. Gwajinta ba ya bukatar ko sisi. A yanke karan kusa da ƙasa, a tsoma bakin yankan cikin tambulan na ruwa mai tsabta, a bar shi ba motsi. In cutar ce, cikin 'yan mintoci za a ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka daga karan. Irin wannan shuka tumɓuke ta ake yi a ƙone, kuma a huta da dasa tumatir, barkono ko gauta a wurin na wasu shekaru. Yawan ban ruwa shi ma yakan sa yaushi, gama saiwa tana bukatar iska, in ta daɗe cikin caɓi sai ta ruɓe. Wani abin lura kuma, ba kowane ƙulli a saiwa ne ciwo ba. Gyaɗa da wake suna da nasu 'yan ƙulle-ƙulle masu amfani, waɗanda ke tara wa ƙasa taki. Su a gefen saiwa suke maƙale, da ɗan yatsa ake ɓalle su, cikinsu kuma jaja-jaja ne. Na tsutsa kuwa kumburin saiwar ne kanta.

Iyayenmu manoma sun riga mu sanin da yawa daga cikin wannan. Sun san burtuntuna, wadda ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari, kuma a jikin iri take tafiya, shi ya sa ake cuɗa iri da magani kafin shuka maimakon a jira sai zangarniya ta fito. Sun san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ita wannan muguwa ce, domin tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ko gero tana tsotsa, dawar ta tsumbure kamar fari ya taɓa ta alhali ana ruwa. Kafin a ga furenta mai kyau ta riga ta yi rabin ɓarnarta, irinta kuma yakan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira.

Wanda ke ganin wannan magana ƙarama ce ya tambayi tsofaffi labarin 1975. A wannan shekara kuturtar gyaɗa ta auka wa gonaki wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, tana kuwa cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗar da ya gina dalar Kano. Gyaɗar takan dunƙule, ganyenta ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, ba ta yin 'ya'ya. Ƙwaron darɓa ne ke kai cutar daga gindi zuwa gindi, kuma gindin da ya kamu ba shi da magani. Abin da ke taimako shi ne shuka da wuri, da shuka kusa-kusa don ganye ya rufe ƙasa, da kuma samun iri mai jure cutar, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da sunan SAMNUT. Duk waɗannan kafin cutar ta zo ake yin su.

Ko ciyawar filin ƙwallo haka ake bi da ita. Kirikirin da ya mutu a bakin raga ba ciwo ne ya kashe shi ba, ƙafafunmu ne suka daddaɓe ƙasar har ruwa ba ya ratsa ta, sai a sassaƙa wurin a zuba taki a ba shi hutu. Inda kuwa ya bushe tsibi-tsibi a tsakiyar fili, a kama a ja. In ya taso ba wuya, ba saiwa, a tona, ko gara ce ko gwazarma.

Idan an yi duk wannan abin ya faskara, sai a nemi malamin gona. Amma kada a tsinko masa busasshen ganye ɗaya a aljihu. A tono gindi guda da saiwarsa da ƙasarsa, wanda ciwon ya fara kamawa bai riga ya mutu ba, a haɗa da lafiyayye guda don ya gwada. A kuma riƙe amsar tambayoyin da zai yi: yaushe aka shuka, me aka noma a wurin bara, wane taki aka sa, me aka fesa, ran nan aka fara ganin alamar. Mu dai bana mun mai da tumatir can ƙarshen lambu, tsohon wurin kuma masara za mu sa a ciki.