Jiran Sunayen NDA: Aikin Da Ke Gaban Iyaye Kafin Sakamako Ya Fito

Duk shekara, da zarar an gama tantance masu neman shiga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, sai iyaye su fara sallama a ofishina da tambaya iri ɗaya: "Malam, yaron nan ya yi jarrabawa, har yau shiru. Ko akwai wanda za mu gani?" Damuwarsu tana da dalili. Wanda ya samu gurbi, gwamnati ce za ta ɗauki nauyin karatunsa da cinsa da kwanansa da kakinsa, har da ɗan alawus. Bayan shekara biyar, huɗu na digiri, ɗaya na horon soja zalla, zai fito hafsa da aiki a hannu. Ga magidancin da ke fama da kuɗin makarantar yara shida, wannan babban sauƙi ne.

Sai dai a fahimci yadda zaɓen yake tafiya, domin rashin saninsa ne ke jefa mutane hannun 'yan damfara. Makarantar, wadda aka kafa a 1964, ta fara koyar da karatun digiri a 1985, ta kuma fara ɗaukar mata a kwas ɗinta na yau da kullum a 2011. Mai nema zai zaɓe ta a matsayin zaɓi na farko a JAMB, ya zauna jarrabawar tantancewa ta makarantar, sannan in ya haye a kira shi gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, AFSB, inda ake duba takardu, likitoci su duba lafiya, a gwada ƙarfin jiki, a yi hira baki da baki. Guraben kuma jiha-jiha ake raba su. Ke nan ɗanku yana takara ne da 'yan jiharsa, kuma yaro mai ƙoƙari daga jihar da masu nema suka yi yawa zai iya rasawa ba don ya gaza ba. Ku riƙe wannan a zuciya tun yanzu.

A cikin wannan shirun ne waya ke ƙara. Wani zai ce shi Kanar ne a NDA, ya ambaci sunan yaron daidai, ya ce ya gan shi a jerin 'yan ko-ta-kwana, a turo kaza a mayar da shi babban jeri kafin Juma'a. Kada ku tura ko sisi. Sunan da ya kira ba hujja ba ce. Ana tsintar irin waɗannan bayanai a shagunan intanet da zaurukan WhatsApp inda yara ke zuba takardunsu. Sunayen gaskiya a shafin makarantar ake wallafa su, kowa ya gani. Jerin ko-ta-kwana kuwa gaskiya ne akwai shi, amma ana taɓa shi ne idan wani daga jihar bai zo ba ko an sallame shi, kuma makarantar ce da kanta ke kira. Na san gidan da aka sayar da shanun noma saboda irin wannan kira, daga baya lambar ta daina shiga.

To me za a yi da waɗannan makonni? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku shimfiɗa takardun yaron a tabarma ku karanta su layi-layi: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, lambar NIN, takardar haihuwa, da shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Sau da yawa za ka tarar wata ta ce an haife shi a watan Maris, wata ta ce Mayu, ko sunan kaka ya shiga a ɗaya ya ɓace a sauran. Jami'in da ke da ɗaruruwan fayiloli a gabansa ba zai tsaya sauraron bayani ba. Gyaran yana cin lokaci, don haka a soma yau. A kuma tabbatar da kiredit biyar da ake buƙata, har da Turanci da Lissafi, sun cika a zaman da bai wuce biyu ba.

Lafiya ma haka. A kai shi asibiti a gwada idonsa, musamman rarrabe launi, a duba jininsa da hantarsa, a duba ko yana da ƙaba. Abin da ke da magani a yi shi da wuri. Abin da ba ya gyaruwa, kamar rashin tsawon da aka gindaya, gara a sani a gida da a ji shi a bainar jama'a. Ya ci gaba da gudun safiya, kada ya kwanta jiran waya.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayen da ke rufe duk wata ƙofa. Tunda NDA ce zaɓin farko, idan ba a dace ba sai an je cibiyar JAMB an canza makaranta, jami'o'i kuma ba sa jiran kowa. Ku zauna da shi yanzu ku tsayar da jami'a da kwas ɗin da makinsa zai kai, ku ware kuɗin canjin, ku riƙa bibiyar ranar da za su rufe. Idan zuciyarsa na ga kaki, Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna suna ɗaukar farar hula, duk da cewa karatu a can ba ya mayar da mutum hafsa kai tsaye. Wanda ya gama digiri kuma yana da hanyar gajeren kwas, SSC ko DSSC, kuma hafsoshi da yawa ta nan suka shigo.

Sannan, don Allah, a daina kiransa "Janar" a gaban baƙi. Yaro ɗan shekara sha takwas da dangi suka riga suka ɗaura masa anini yana ɗauke da nauyin da ba ya iya faɗi. Baba, ka kira shi gefe ka tambaye shi ko shi ke son aikin ko kai. Horon yana da tsanani, ana sallamar waɗanda suka kasa, aikin kuma na sayar da rai ne. Idan ya ce yana so, ku duba sanarwar bana ku ga ko shekarunsa za su ba shi damar sake nema baɗi, ku gaya masa hakan kafin sunayen su fito.