An ce sai an sa wa maigidana ƙarfe a idon sawu

Tambaya: Maigidana ya faɗi a babur ya karye a idon sawu. Likita ya duba hoto ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, amma a jira kwanaki. Dangi kuma sun dage a kai shi wurin mai ɗori. Yana da ciwon suga. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ba kowace karayar idon sawu ke buƙatar wuƙa ba. Idan ƙashin bai goce ba, filasta na mako 6 kan wadatar. Amma idon sawu gaɓa ce: ƙasusuwan ƙwauri biyu ne suka rungumi wani ƙaramin ƙashi, kamar yadda ƙota ke riƙe ruwan fartanya, kuma duk nauyin mutum ta nan yake bi. Wani bincike na 1976 ya nuna cewa idan ƙaramin ƙashin nan ya goce da milimita 1 kacal, wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa yakan ragu da kashi 42 cikin 100. Hannun mai ɗori, komai gwanintarsa, ba ya jin milimita ɗaya. Ƙashin zai haɗe, amma a karkace, bayan 'yan shekaru sai ciwon gaɓa da ɗingishi.

Jiran da likita ya ce ba jan rai ba ne. Fatar wurin siririya ce, babu tsoka tsakaninta da ƙashi. In aka tsaga ta tana kumbure, ɗinkin ba zai kama ba. A ɗora ƙafar bisa matashi har fatar ta soma yamushewa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sugan. Shi ke hana rauni warkewa, ya jawo ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen, kuma yakan kashe jin ƙafa, mutum ya taka karaya bai sani ba. Don haka mai suga yakan daɗe bai taka ba fiye da mako 6 da ake ɗibar wa sauran mutane. A riƙa auna sugan, in yana shan sigari kuma ya ajiye.

Bayan aiki, ki sa ido. Zazzaɓi, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ko yatsu su yi sanyi su canza launi, a koma asibiti a ranar. Haka in sha-raɓarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, domin jini kan daskare a jijiya. Ƙagewar gaɓa kuwa, masu gashin ƙashi ne maganinta.

Ƙarfen ba ya tsatsa, ba kuma dole ne a cire shi ba, sai in yana gugar takalmi ko ya kamu da cuta. In dangi na son jin ta bakin wani likitan, ku ɗauki hoton ku je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.