Ma'anar Kalmar "Surveillance" da Aikinta

Kalmar nan takan zo cikin takardun lafiya da ke isa ofishin hakimi a Gwarzo da Kabo. Wani malamin hakimi yakan fassara ta da leƙen asiri, sai dagatai su kama bakinsu. Wannan kuskure ne.

Asalinta Faransanci ne, ma'anarta kuwa sa ido a kai a kai. Ga ma'aikatan lafiya abu uku ta ƙunsa, watau a duba, a rubuta, a kai labari.

Ga misali. In yaron da bai kai shekara 15 ba, a Getso ko Garo, ƙafarsa ta saki farat ɗaya, sai mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Lalle malami ya rubuta wa jami'in lafiya ran nan, gama ana so a ɗebi bayan gidan yaron sau biyu cikin kwana 14, a auna ko shan inna ce.

Da irin wannan sa ido aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya. Amma akwai wani irinta har yanzu. Saboda haka ko ba a ga kome ba, a rubuta cewa an duba, ba a gani ba.